Yadda ake riƙe addu'ar iyali idan rumbu ya yi ƙasa

Gidajen Kirista da yawa a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, daga Gani ta ƙasar Sumaila har Roni, kan fara addu'ar iyali da zafi bayan taron farkawa ko babban taron Zumuntar Mata, amma kafin wata ya zagayo ta mutu. Abin da ke kashe ta yawanci shi ne lokacin da aka zaɓa, da tsawo, da kuma bakin maigida.

A fara da lokaci. Kada a sa ta bayan tuwon dare. Wanda ya wuni sunkuye a gona, da ya ci ya ƙoshi sai gyangyaɗi, yara kuma sun ɓingire a kan tabarma. Asuba ma ba ta yi da damina, kowa hanzarin gona yake. A zauna bayan an kwashe tuwo, kafin a raba, lokacin uwargida ta bar murhu kuma ba yaron da zai yi nisa. Minti goma ya isa. Ranar da ba a ɗora tukunya ba, sai ɗan rogo ko kunu, a zauna a daidai wannan lokacin. Idan aka tsallake wannan ranar, yara za su ɗauka addu'a ta masu ƙoshi ce.

Sai karatu. A ba yaron da ke makaranta ya karanta, aya biyar ko shida, tun da sauran hasken magariba, domin cajin waya da batirin tocila kuɗi ne. Ko tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 da dattawa suka saba da ita ce a gidan, ko sabuwa, duk ɗaya. Kada dai a ce za a ɗauko daga Farawa har a sauke, a Littafin Firistoci ake watsewa. A lokacin matsi a fara da Rut. Sura huɗu ce kawai, da yunwa a Baitalami ta buɗe, ga kuma gwauruwa tana kala a gonar wani, abin da duk yaron da ya taɓa kalar gyaɗa ya sani. Daga nan a je 1 Sarakuna 17, labarin matar Zarefat da ɗan garinta na ƙarshe, sannan Zabura 13 da Habakuk 3:17-18. Wannan na ƙarshen a haddace shi, saboda daren da ba fitila.

Wurin addu'ar ne aka fi lalata abin. Maigida ya dawo da nauyi a zuciya: tun da aka cire tallafin mai a 2023 buhun taki ya fi ƙarfinsa, mai bashi yana sallama, kuɗin makaranta na jira. Maimakon ya faɗa wa Allah wannan, sai ya rufe ido ya shiga faɗa: "Ya Ubangiji, ka shirya yaran nan da ba sa jin magana, ka koya wa matan gidan nan tattali." Habaici ne wannan, kowa kuma ya gane. Gobe babban ɗan zai sami dalilin daɗewa a dandali, uwargida kuma ta ce tana wanke-wanke. In da faɗa, a yi shi da rana, ido buɗe.

Wasu kuma ɓoyewa suke yi, wai kada hankalin yara ya tashi, sai su yi ta jera manyan kalmomi kamar ba abin da ya faru. Ai yaran sun ga kwanon awo ya ragu, sun ga an kai akuya kasuwa ba ta dawo ba. A kira matsalar da sunanta: gero ya kusa ƙarewa, jikar Inna ba lafiya, ruwa ya ci gona kamar yadda ya yi wa mutanen bakin Kogin Haɗeja a 2022. Kowa ya faɗi roƙo ɗaya da godiya ɗaya, a fara daga ƙaramin. Godiyar ta zama takamaimai, ko da tafasa ce ta yi kyau a bayan gida. Kada kuma uba ya yi alkawari da sunan Allah, ya ce lalle kafin Lahadi kuɗi zai zo. Idan Lahadi ta wuce shiru, bangaskiyar yaron ce za ta biya bashin.

A riƙa sa maƙwabta da dangi Musulmi a ciki, da sunayensu. Rijiya ɗaya ake sha, tsadar ɗaya ce, kuma yaron da ya saba yi wa Baffa addu'a ba zai tashi da gaba ba.

A rufe da waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, baiti biyu, sai Addu'ar Ubangiji, a raba tuwo. Idan maigida ya tafi ci-rani bayan kaka, uwargida ta ja, ba sai an jira shi ba. In an yi kwanaki ba a zauna ba, a ci gaba daga inda aka tsaya ba tare da neman mai laifi ba. Idan kuwa hatsin ya ƙare ƙaf, a je a gaya wa fasto ko dattawan ikilisiya tun kafin a kai ga sayar da gona.