Tayin da ku biyu kuka ƙirƙira a birij: yadda ake gina shi ya tsaya da ƙafarsa

Duk mutum biyun da suka ɗan jima suna buga birij tare, wato wasan karta na mutum huɗu, biyu da biyu, inda ake fara yin tayi kan yawan zagayen da za a ci kafin a buga kati, watarana sai ɗaya ya zo da wata dabara, ya ce kai ni fa na gaji da wannan 2♦ ɗin namu, mu canza masa ma'ana mana. Ni ina goyon bayan haka sosai, don mutane ne suka zauna suka gina wasan nan kaɗan kaɗan tun 1925 da Harold Vanderbilt ya tsara lissafin makinsa, kuma duk yarjejeniyar da yau ake ganinta kamar dole, ranar da aka fara kawo ta baƙuwa ce. Ko Precision ɗin C.C. Wei, inda 1♣ ke nufin makin manyan katin da ke hannunka ya kai 16 zuwa sama ko da ba ka da ♣ ko ɗaya, ai sai da 'yan Taiwan suka kai wasan ƙarshe na Bermuda Bowl, gasar birij ta duniya, da shi a 1969 sannan duniya ta waiwayo. Toh amma akwai yadda ake yi, kuma galibin mutane suna tsayawa ne kan "wannan tayin yana nufin kaza" su tashi, alhali nan ne ma aikin ya fara.

Ku fara da tambayar me za ku rasa. Harshen tayi gaba ɗayansa kalma 38 ce kacal, tayi 35 daga 1♣ har 7NT (NT na nufin babu turam, wato babu irin da ke cin sauran), sai fas da dobul da ridobul (ƙara nauyin riba da hasarar tayin, da sake ƙarawa), shikenan. Ba kujerar da ke zaune babu kowa, in ka zaunar da baƙo to ka tayar da mai wuri. Dubi Stayman, wanda aka fara bugawa a mujalla a 1945: abokinka ya buɗe 1NT kai ka ce 2♣, kana tambaya ko yana da ♥ huɗu ko ♠ huɗu. Me aka rasa? Damar tsayawa a 2♣ da hannu mai rauni, wanda dama abokan hamayya ba kasafai suke barinka ka tsaya a can ba. Me aka samu? Gano dacewar kati takwas a manyan iri, wato ♥ da ♠, abin da ke fitowa kullum. Kaga an ba da kaɗan an karɓi mai yawa, shi ya sa ya zauna. Ita ma Blackwood ta 1933 haka, an sadaukar da 4NT don a san yawan A kafin a hau silam, wato tayin mataki na shida ko na bakwai. Duk sabuwar dabarar da kuka kawo ku auna ta da wannan ma'aunin, ku kuma tambayi kanku sau nawa hannun zai zo. Flannery misali, 2♦ mai nufin ♥ biyar da ♠ huɗu da maki 11 zuwa 15, yana warware matsala ta gaske, amma a ganina hannun bai cika zuwa ba har da za a ba shi kujera sukutum, kuma abin da ba ya zuwa akai akai shi aka fi mantawa.

Bari in ɗauki misali ɗaya in bi shi har ƙarshe don a ga abin da nake nufi da gini. A ce kun zaɓi Multi, wato 2♦ na nufin kati shida a ♥ ko a ♠, ba a faɗi wanne ba, maki kamar 6 zuwa 10. Ribarsa a fili take, tayi ɗaya ya ɗauki aikin biyu, 2♥ da 2♠ sun samu 'yanci ku ba su wani aiki, kamar yadda 'yan Holan suke yi da Muiderberg, babban iri biyar haɗe da ƙarami, ♣ ko ♦, huɗu ko fiye. Hasararsa kuma mutane ba sa son faɗi: kun rasa 2♦ na asali, sannan abokinka bai san irinka nan take ba, don haka ba zai iya tsalle ya toshe wa abokan hamayya hanya da saurin da zai yi in da ka faɗi 2♠ kai tsaye ba, su kuma sun samu ƙarin zagaye na magana. In kun ji kun gani, toh sai amsoshi:

2♥ na nufin in ♥ ne naka yi fas, in ♠ ne ka gyara.
2♠ na nufin in ♠ ne yi fas, in ♥ ne to ina da goyon baya, mu hau sama.
2NT tambaya ce daga hannu mai ƙarfi, faɗa min irinka da ƙarfinka.

Wannan 2♠ ɗin shi ke rikita sabbi, don mai faɗarsa yawanci ♠ ɗinsa gajere ne, ♥ yake da shi. Sai ku zauna kan amsar 2NT, wasu na yin 3♣ don ♥ mai ƙarancin maki, 3♦ don ♠ mai ƙarancin maki, masu ƙarfin kuma 3♥ da 3♠, wasu na juya shi, ba wanda ya fi wani da nisa, ku dai ku zama kan abu ɗaya. Har yanzu ba ku gama ba fa. In na hagunka ya yi dobul kan 2♦ ɗin, fas ɗin abokinka me yake nufi, yana da ♦ dogo yana son a tsaya nan, ko kawai ba shi da abin cewa? Ridobul fa? In sun shigo da 3♣, 3♥ ɗinsa har yanzu fas-ko-gyara ne ko nasa ne na kansa? A kujera ta huɗu bayan fas uku, inda babu wanda za ka toshe, Multi na nan ko ya tashi? In kuna cikin ja, wato lokacin da faɗuwa ta fi muku tsada, su ba sa ciki, 6 zuwa 10 ɗin nan na nan ko sai mai kyau? Wallahi kusan duk rikicin da na gani a tebur daga irin waɗannan ƙofofin da aka bari a buɗe ya fito, tayin farko kowa na tuna shi. In lokaci ya ƙure muku ku yi doka ɗaya mai rufe komai, misali duk inda abokan hamayya suka shigo da tayi kuma ba mu taɓa tattauna wurin ba, maganarmu ta koma ma'anarta ta asali.

Ko yarjejeniyar da kowa ya sani tana iya cizo in ba a ƙarasa magana ba. Na taɓa zama da wani abokin wasa, muka ce muna buga Blackwood mai makullai biyar, wato A huɗu da K na turam, muka wuce ba wanda ya tambayi wanne salo. Mun daidaita kan ♠, ina riƙe da makulli biyu, na ce 4NT, ya ce 5♦. Ni a salon 1430 nake, inda 5♦ ke nufin sifili ko uku, da na duba yadda ya yi ta nuna ƙarfi sai na ɗauka uku ne na ce 6♠. Shi kuma a 3014 yake, 5♦ ɗinsa ɗaya ko huɗu, kuma ɗaya ne da shi. Suka kwashe A biyu a jere. Abin ya daɗe yana damuna don ba kati ne ya kayar da mu ba, tambaya ce ta daƙiƙa biyar da ba mu yi ba, kuma tun ranar ba na yarda da suna kawai, sai mun faɗi amsoshin da baki ɗaya bayan ɗaya.

Sai maganar da ta fi komai nauyi a wajena, kuma dan Allah a nan kar a yi wasa: a birij babu yarjejeniyar sirri. Doka ta 40 cikin dokokin wasan, bugun 2017, ta ce duk fahimtar da ke tsakaninku, wadda kuka zauna kuka ƙulla da wadda sabo ya haifar, abokan hamayya na da haƙƙin saninta. Ƙarfin dabararku ya zo daga kyawun tsarinta, in sai an ɓoye ta take aiki to ku jefar da ita. Ku rubuta ta a katin yarjejeniya, in abokinka ya yi tayin ka yi alat nan take, wato ka ankarar da abokan hamayya cewa tayin na da ma'ana ta musamman, in an tambaye ka ka yi bayani cikakke, kar ka ce "Multi ne" ka yi shiru, ka ce shida a ♥ ko ♠, maki kaza zuwa kaza, kuma in kun saba buɗewa da biyar a kujera ta uku ka faɗa, shi ma yana ciki. A intanet kamar Bridge Base Online kai ne kake alat ɗin tayinka da kanka kuma abokinka ba ya gani, to ka rubuta ma'anar kafin ka danna.

Saƙo tsakaninku kuwa ta tayi da katin da aka jefa kaɗai yake wucewa, haka doka ta 73 ta ce. Tari, kallo, yadda ka ajiye kati, duk ba sa cikin yarjejeniya, maguɗi ne. A Bermuda Bowl na 1975 an riga an sa allo a tsakiyar tebur don kar abokai su ga juna, sai ga shi an ga wasu 'yan wasa biyu suna taɓa ƙafa a ƙarƙashi, har aka tsawata musu aka toshe ƙasan teburin ma. Amma mu 'yan wasa na yau da gobe abin da ya fi kama mu ba wannan ba ne, jinkiri ne da kuma jin bayanin abokinka. A ce ka manta kun koma Multi, ka buɗe 2♦ da ♦ shida, abokinka ya yi alat ya yi bayani, sai ka tuna. Doka ta 16 ta hana ka cin moriyar wannan tunawar, dole ka ci gaba da tayi kamar ba ka ji komai ba, ko da kana ganin ramin da kuke dosa. Yana da ciwo, na sani. In kuma shi ne ya yi bayani ba daidai ba, ba a nan take za ka gyara ba: in ku za ku buga hannun, ka kira darakta, wato alƙalin gasar, ka gyara bayan an gama tayi kafin a buɗe katin farko, in kuna tsaro ka jira sai an gama hannun gaba ɗaya.

Tayin yaudara ma, wanda mutum zai faɗi abin da ba shi da shi da gangan, doka ta yarda da shi muddin abokinka ya ruɗu kamar yadda su suka ruɗu. Ranar da ka maimaita shi har ya fara gane ka, ya zama yarjejeniya, dole a bayyana.

Kafin ku sha wahalar haddace komai ku bincika ko ma an yarda da shi a inda za ku buga. Hukumar birij ta duniya, WBF, ta kasa tsare-tsare da launi: kore na asali, shuɗi masu 1♣ ko 1♦ mai ƙarfi, ja sauran na ƙirƙira, sai rawaya ga waɗanda suka yi nisa da saba, irin na wasu 'yan Folan inda fas a farkon tayi ke nufin ƙarfi, mai hannun banza kuma shi ke buɗewa. Irin waɗannan sai a wasu manyan gasanni kaɗai ake bari, kuma sai an miƙa bayaninsu tun da wuri don abokan hamayya su shirya. Shi kansa Multi a Turai ruwan dare ne, a Amurka kuwa hukumar birij ta can, ACBL, ta daɗe tana taƙaita shi. Tambayi darakta tun kafin ranar.

Wajen atisaye kar ku haɗa sabbi uku a lokaci ɗaya, ɗaya ya ishe ku har sai ya zauna. Ku ware katin da ya dace da tayin, mai buɗewa ya riƙe ♥ shida ko ♠ shida, a raba sauran, ku yi tayi hannu ashirin ko talatin ba tare da bugawa ba, a rabinsu ku sa wani ya riƙa shigowa da dobul ko 3♣ don ku ga inda ginin ke yoyo. Duk inda kuka saɓa ku tsaya ku yanke hukunci ku rubuta, shafi ɗaya, kowa da kwafinsa iri ɗaya, kuma in an canza wani layi a canza a duka biyun ranar. Sannan ku ajiye lissafi na wata biyu ko uku, duk sanda tayin ya fito ku rubuta lambar hannun da sakamakon da kuma abin da tsohon tsarinku zai ba ku a wurin. In ɗayanku ya manta shi sau biyu cikin wannan lokacin, kar a yi faɗa kar a ɗora wa kowa laifi, ku mayar da 2♦ ma'anarsa ta da, ku goge layin daga katin kafin zama na gaba.