Kafin ka ɗauki akanta don harajin shagonka

'Yan'uwa masu ƙananan sana'o'i, kada ku bari sai Maris ya kama sannan ku fara neman akanta. Ranar 31 ga watan ne wa'adin miƙa bayanan harajin kuɗin shiga na mutum, lokacin kuwa kowane akanta aiki ya sha masa kai.

Fara da tambayar maƙwabcinka a layin kasuwa wa ke yi masa lissafi. In an haɗa ka da mutum, nemi lambar rajistarsa ta ICAN ko ANAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya. In yana da ta CITN ma, wato cibiyar ƙwararru kan haraji, to haraji fanninsa ne. Sai ka gwada shi da tambaya guda: "Malam, harajina na jiha ne ko na tarayya?" Idan sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, harajin ribarka na hukumar harajin jiharka ne, na cikakken kamfani kuwa tarayya ke karɓa. In ya tsaya kame-kame, ku rabu lafiya.

Ni dai na taɓa ƙonewa: na damƙa wa wani kuɗin haraji a hannu, rasit har yau shiru. Yanzu akanta ya lissafa, ni in biya a banki da lambar TIN ɗina, wato lambar shaidar mai biyan haraji. Ladan aikinsa kuma ku yanke shi tun farko, a rubuce.