Darasi na Bakwai: Tsohon Kututture, Sabon Reshe

Ku jiƙa ƙwayar iri, ku naɗe ta a tsumma mai danshi, ku riƙa dubawa kowace safiya. Abin da zai fara fasa ɓawon shi ne saiwa, 'yar fara siririya, kuma ƙasa take nufa. Sai ta kama sannan tsiro yake ɗago kai. Haka makonnin farko na karatu suke. Yatsu na ciwo da riƙon fensir, "b" da "d" suna rikita ido, mutum ya koma gida yana ganin bai ƙaru da komai ba. Saiwa ce ke aikinta inda ido ba ya kaiwa. Ko babbar bishiya, yawancin saiwoyinta ba sa wuce santimita 60 a cikin ƙasa, amma faɗinsu yakan zarce inuwarta.

Na san abin da wasu ke faɗa muku: "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Maganar tana da gaskiyarta a tarbiyyar yara, amma raina yakan ɓaci idan na ji an jefi babba da ita saboda ya ɗauki littafi. Masu lambu sun san wani abu da ake kira auren bishiya. Ana yanko ɗan reshe daga bishiya mai kyawun 'ya'ya, a fiƙe gindinsa, a tsaga kututturen wata wadda saiwarta ta riga ta kafu, a cusa shi. Dole ɗanyen ɓangaren da ke ƙarƙashin ɓawon su biyun ya haɗu. Sai a ɗaure tam, kada iska ta busar da wurin. Bayan 'yan makonni sun zama jiki ɗaya. Mangwaron da aka yi wa aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa yakan kai 5 zuwa 8.

Ku ne kututturen nan. Kun iya lissafi da ka, kun iya magana a gaban mutane, kun riƙe iyali, kun san sana'arku ciki da bai. Karatu da rubutu sabon reshe ne da zai sha daga wannan saiwa. Shi ya sa ba na so ku haddace kalmomin da ba ruwanku da su. Ku fara da sunanku, da sunayen 'ya'yanku, da kayan aikin da hannunku ke taɓawa kullum. Nan ne ɗanye ke haɗuwa da ɗanye.

Sai ban ruwa. Sabon dashe ba ya son a yi masa ambaliya rana ɗaya sannan a manta da shi wata guda. Minti 15 kowace rana ya fi awa 3 a ƙarshen mako.

Aikin yau: ku karanta waɗannan da ƙarfi, gaɓa-gaɓa, kuna tafi a kan kowace gaɓa: bi-shi-ya, sai-wa, re-she, gan-ye, ku-tut-tu-re. Wacce ce ta fi yawan gaɓoɓi?

Sannan ku zana bishiya a shafi guda. A wajen saiwa ku rubuta abubuwa 3 da kuka iya tun kafin ku zo aji. A kan rassa ku rubuta sababbin kalmomin da kuka koya a wannan mako. Ku bar reshe ɗaya ba rubutu, ku zo da shafin a zama na gaba.