Yadda za ka gano sunan kwamfuta in lambar IP kawai ke hannunka

Kafin ka taɓa komai duba lambar IP ɗin tukuna, wato adireshin na'ura a netwok, ta gida ce ko ta waje, don a nan mutane ke ɓata lokacinsu a banza. In ta fara da 192.168 ko 10, ko kuma tana tsakanin 172.16 da 172.31, to ta cikin netwok ɗinku ce, ofis ne ko kafe ko gida, intanet ba ta ma san da zamanta ba. Sauran yawanci na waje ne.

Ta waje ta fi sauƙi. A Windows danna maɓallin Windows da R tare, rubuta cmd ka buga Enter, baƙin allon nan zai fito, kar ya ba ka tsoro. Rubuta nslookup 8.8.8.8 ka ga ikon Allah, zai ce maka dns.google. In ka gwada 1.1.1.1 kuma one.one.one.one zai ba ka, na Cloudflare kenan. Amma fa lura, layuka biyun farko da ke sama ba su ne amsarka ba, sabar da ka tambaya ce take faɗin kanta, amsar tana ƙasa inda aka rubuta Name. Masu Linux da Mac ku rubuta dig -x 8.8.8.8 ko host 8.8.8.8, duk ɗaya ne.

Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne, DNS kullum suna ake ba shi ya kawo lamba, yanzu kuma an juya masa aikin, sai kwamfutarka ta juya lambar daga ƙarshe zuwa farko ta liƙa mata in-addr.arpa, wato 8.8.4.4 ta koma 4.4.8.8.in-addr.arpa, ta je neman wani rikodi da ake kira PTR. Shi kuma PTR ɗin nan wanda ya mallaki lambar ne ke sa shi, yawanci kamfanin intanet, kuma ba dole aka yi masa ba, in ya ga dama ya sa in bai ga dama ba ya bari. Saboda haka in ka ga Non-existent domain ba kai ka yi kuskure ba, ba a sa sunan ba ne kawai. Sai ka koma whois, wato rajistar masu lambobi da ake bincika a intanet, ko banza ka san kamfanin da ke riƙe da ita, lambobin Afirka hukumar AFRINIC ce ke raba su.

To ta gida fa, irin ka ga 192.168.1.15 tana ta zuƙe muku data ba ka san ta waye ba? Fara da ping -a 192.168.1.15, in an dace sunan zai fito a layin farko kafin lambar. In ya ƙi, gwada nbtstat -A da lambar, babban A fa ba ƙarami ba, ƙaramin a ɗin, suna yake nema ba lamba ba. Zai jero maka ɗan tebur, layin da ke da <00> da UNIQUE shi ne sunan kwamfutar, mai GROUP kuma sunan rukuninsu ne. Wannan kwamfutocin Windows ya fi ji, waya ko kallonsa ba za ta yi ba.

Ni dai a gani na rauta ta fi duk waɗannan, tunda ita ta raba lambobin da kanta. Rubuta ipconfig ka kwafi lambar Default Gateway, wato lambar rautar, ka sa ta a burauza, faswod ɗin yawanci yana manne a ƙasan rautar in ba a canza ba, ka nemi jerin DHCP (tsarin da ke raba lambobin) ko na'urorin da suka haɗu. Nan za ka ga kowa, har wayoyi, Tecno da Galaxy da su DESKTOP da wasu haruffa marasa kan gado da Windows ke raɗa wa kanta.

Sai dai suna ba mutum ba ne, kowa na iya canza sunan wayarsa yadda ya so, lambar waje ta layin waya kuma mutane da yawa ke amfani da guda ɗaya, don haka kar ka je ka tsare wani da zargi a kan wannan kaɗai. In kai ke kula da kwamfutocin wurin, bi su ɗaya bayan ɗaya ka rubuta hostname a cmd, wacce sunanta ba ya ganuwa ka canza mata zuwa irin su KANTA ko TEBUR-3.