Suwidin: albashin maigida ba ya rufe ki

Yawancin 'yan'uwa mata da ke sauka a Suwidin miji suke bi, kuma lissafin da ake tahowa da shi daga gida sananne ne: maigida ya fita nema, uwargida ta riƙe gida. Babu dokar da ta hana hakan. Sai dai ba a kan wannan lissafin aka gina ƙasar ba, kuma matar da ba ta gane haka da wuri ba ita ce ke asara.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu sun bunƙasa, ma'aikata suka yi ƙaranci, sai gwamnati ta dubi matan da ke zaune a gida. A 1971 aka daina haɗa kuɗin shigar miji da na mata wajen yanka haraji, domin a da harajin yakan cinye yawancin albashin matar. A 1974 aka mayar da hutun haihuwa na uwa da uba duka. Daga 1990 aka fara janye fanshon matar mamaci. Abin da ya biyo baya shi ne kowane baligi da nasa asusun: kuɗin jinya, kuɗin reno da fansho duk daga abin da aka rubuta da sunanki ake lissafa su.

Don haka ki fara da lambar zama, wadda ake kira personnummer, a ofishin haraji na Skatteverket. Da ita za ki buɗe asusun banki naki na kanki, ki sa suna a ajin koyon harshe na SFI da ƙaramar hukuma ke yi kyauta. Asusun nan kada ki ɗauke shi da wasa. Kuɗin yaro da gwamnati ke biya krona 1,250 ne a wata ga kowane ɗa, kuma ga yaran da aka haifa daga Maris 2014 raba shi biyu ake yi tsakanin uwa da uba, in ba sun nemi a canza ba.

Kalmar da za ki riƙe da kyau ita ce SGI. Ita ce kuɗin shigar da hukumar inshorar jama'a, Försäkringskassan, ta amince kina samu a shekara daga aiki, kuma a kanta ake auna abin da za a biya ki in kin haihu ko kin kwanta ciwo. Kowane yaro yana da kwana 480 na reno. Kwana 390 ana biyan kusan kashi 80 cikin 100 na albashi, zuwa wani iyaka. Sauran 90 ɗin krona 180 ne a rana. Wadda ba ta da SGI kuwa krona 250 take samu a rana a waɗancan kwana 390 ɗin, haraji kuma ya shiga ciki. Ga inda ake yawan faɗuwa: kafin a biya ki kwana 180 na farko bisa albashinki, sai kin yi kwana 240 a jere kina aiki kafin ranar da aka sa miki ta haihuwa, wato wajen wata takwas. Wadda ta samu aiki da ciki wata huɗu ba za ta cika ba.

Aikin hannu da hannu, irin kitso ko girkin biki ko shara da ake biya a ɓoye, ba ya haifar da SGI ko fansho ko sisin kwabo. Gara aikin awa-awa a gidan kula da tsofaffi, mai takardar albashi, da sana'ar da ta fi shi kawo kuɗi amma hukuma ba ta san da ita ba. In aikin ya ƙare, ki yi rajista da ofishin neman aiki na Arbetsförmedlingen a ranar farko da kika zauna. Jinkiri na iya mayar da SGI ɗinki sifili.

Maigida ma ya sani: kwana 90 daga cikin kwana 480 ɗin reno nasa ne, ba a iya mayar wa uwa. In bai ɗauka ba sun tafi. Masu zuwa da yara kuma su lura, yaron da ya shigo ƙasar bayan ya cika shekara ɗaya kwana 200 ne iyakarsa, bayan shekara biyu kuwa 100.

To wa zai riƙe yaro, tunda babu kaka babu 'yar aiki? Gidan renon yara, förskola, yana karɓa daga shekara ɗaya, kuma wajibi ne ƙaramar hukuma ta ba ki gurbi cikin wata huɗu da neman ki. Ki nema tun kafin aiki ya samu. Kuɗinsa kashi 3 cikin 100 ne na abin da gida ke samu ga ƙaramin yaro, 2 ga na biyu, 1 ga na uku, kuma akwai iyakar da ba a wucewa. In kina neman aiki ko kina hutun haihuwar wani ɗa, ɗanki yana da haƙƙin aƙalla awa 15 a mako. Kwanakin farko tare za ku zauna har ya saba. Ki faɗa musu tun ranar farko cewa ba ya cin alade, a cika takardar abinci. Kuma ki tanadi rigar sanyi mai haɗe da wando, takalmin ruwa da safar hannu, ki rubuta sunansa a jikin kowanne, domin ko ƙanƙara na zuba sai sun fita da yaran waje.

Ranar da ya tashi da zazzaɓi ba za su karɓe shi ba. Ki sanar da wurin aiki, ki zauna da shi, sannan ki nemi kuɗin jinyar yaro da ake kira VAB, har kwana 120 a shekara ga kowane ɗa da bai kai 12 ba. Daga rana ta takwas sai da takardar likita ko nas. Uba ma yana iya ɗauka, kuma gara ku riƙa karɓa-karɓa, kada duk rashin zuwan ya taru a kan aikinki da ba ki daɗe da samu ba.

Mai digiri ko difloma daga gida ta aika takardunta hukumar UHR a tantance su. Nas da ungozoma kuwa lasisinsu a hannun hukumar lafiya ta Socialstyrelsen yake, kuma sai da shaidar iya harshen. Hanyar tana da tsawo, shi ya sa ake fara ta tun ana ajin SFI.