Kurakuran da muke yi da idanun yara

Yaro ƙarami ba zai ce maki "mama ba ni gani" ba, shi dishi-dishin nan da yake gani ya ɗauka haka kowa ke ganin duniya. To jiran sai ya yi ƙorafi shi ne kuskuren farko. Yana manne fuska da tele, yana ƙanƙance ido, a lakwal mushe ya ce ba ya kwafar allo sai ya leƙa na maƙwabcinshi, mu kuma sai mu ce daƙiƙi ne, har da bulala. Ki rufe mishi ido ɗaya da tafin hannu ki nuna wani abu daga nesa, ki sake ɗayan, in ya yi ta ture hannunki a gefe guda kawai to a je awo.

Sai harara-garke. "Bar shi, in ya girma zai daidaita." A jariri sabon haihuwa e, ido na iya ɗan yawo, amma in ya wuce wata 6 yana karkace ba jira. Ƙwaƙwalwa ce ke daina aiki da idon, kuma gyaran ya fi kamawa kafin shekara 7 zuwa 8. Likita zai ba da tabarau ko ya ce a riƙa liƙe idon mai lafiya wasu awoyi kullum don ragon ya yi aiki, nan ne ake samun matsala, yaro ya yi kuka kaka ta ɓare filastar ta ce ana azabtar mata da miji, tabarau kuma wai yana ƙara kashe ido. Wallahi ba ya kashewa.

Wanda ya fi ba ni tsoro maganin ɗigawa na masu talla a Yamai. Ido na ƙaiƙayi lokacin ƙura, a sayo mai dexamethasone, ya yi sauƙi nan take sai a yi ta ɗigawa wata da watanni, alhali yana kawo hawan jinin ido, ganin da ya tafi ta nan kuma ba ya dawowa. Sai da takardar likita.

In kika ga fari a tsakiyar baƙin ido, ko a hoton waya ne, yana iya zama yanar ido ko ma cutar kansa, a kai shi sashen ido na babban asibiti a satin nan. Jariri mai ruwan ƙwantsa da kumburin ido kuwa ba nono ba kwalli, ranar za a tafi.