Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Auna Bugun Zuciyar Matashi Mai Wasan Ƙwallo

Idan yaro ɗan shekara 15 ya dawo daga filin ƙwallo ya ce wa mahaifiyarsa, "Inna, ƙirjina yana dukan uku-uku ko da ina zaune," abin da wasu gidaje suke yi shi ne su aika wa yayansa da ke birni ya sayo agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya. Niyyar tana da kyau, amma a nan kuskure na farko yake. Galibin waɗannan agoguna suna haska koren haske ne a kan fata, su ƙiyasta bugun daga yadda jini ke kai kawo a jijiyoyin wuyan hannu, saboda haka adadi kawai suke bayarwa, ba sa nuna yadda lantarkin zuciya yake tafiya. Gudu da gumi da sakwarkwacewar maɗauri duk suna sa su yi kuskure, kuma lokacin gudun ne aka fi buƙatar su faɗi gaskiya. Ko agogo mai tsada irin Apple Watch, wanda ya fara ɗaukar zanen bugun zuciya a 2018, kamfaninsa ya bayyana cewa wannan ɓangaren ba don 'yan ƙasa da shekara 22 aka yi shi ba. Ɗamarar ƙirji mai ƙirga bugun zuciya da 'yan wasa ke ɗaurawa ta fi agogo daidaito yayin gudu, sai dai ita ma ba ta maye gurbin gwajin zanen bugun zuciya na asibiti, wanda ma'aikata ke kira ECG. Daga wannan gwajin ya kamata a fara, kuma 'yan mintuna kawai yake ɗauka.

Kuskure na biyu yana faruwa ne a ɗakin likita, idan uba ya amsa tambayar "sau nawa abin yake zo masa?" da cewa "yakan zo dai jefi-jefi." Amsar wannan tambaya ce take tantance na'urar da ta dace. Na'urar Holter, wadda ake manna wayoyinta a ƙirji a tafi da ita gida tana ɗaukar zanen bugun zuciya, awa 24 zuwa 48 take ɗauka, don haka yaron da abin ke zo wa sau ɗaya a mako biyu yana iya mayar da ita ba ta kama komai ba, iyaye su ɗauka lafiya lau yake. Akwai wadda ake liƙawa kamar filasta ta kai kwana 14, akwai kuma wadda ake riƙewa har kusan wata guda ana danna ta idan abin ya zo. Kafin a kashe kuɗin mota daga Gwaram ko Bichi zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da kyau yaron ya riƙa rubuta rana da lokaci da abin da yake yi a duk sa'ad da abin ya zo, a tafi da littafin.

Wanda ya fi damuna shi ne na uku, domin tausayi ne yake haifar da shi. Da zarar an dawo gida da na'ura a ƙirjin yaro, sai uwa ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, a hana shi hawa keke zuwa makaranta, a hana shi zuwa gona, a hana shi ƙwallo, ana cewa yana jinya. Sakamakon shi ne likita ya sami zanen zuciyar mai hutu, alhali ƙorafin a lokacin motsa jiki yake zuwa. Abin da ya dace shi ne a tambayi likita tun a asibiti abin da aka yarda yaron ya yi, sannan a bar shi ya yi. Akwai dai yanayin da ba a sassauci a cikinsa: yaron da ya taɓa suma yana tsakiyar gudu, ko yake jin ciwon ƙirji a lokacin wasa, ko kuma a danginsa akwai wanda ya rasu kwatsam yana matashi, wannan ya ajiye ƙwallo har sai likitan zuciya ya duba shi, kuma kada a jira wata na'ura kafin a kai shi.

Zafin bazara ma yana ɓata gwaji. Man shafawa da gumi suna kwaɓe abin mannawa, kuma Holter ba ta son ruwa, saboda haka yaron ya yi wanka kafin a saka masa, kada ya shafa mai a ƙirji. Alwala ba ta da matsala.

Sai kuma karanta lambobi ba tare da sanin ma'anarsu ba. Zuciyar matashi a lokacin hutu takan buga sau 60 zuwa 100 a minti guda, wanda ya saba da gudu kuwa tasa tana iya sauka zuwa 50 yana cikin ƙoshin lafiya. A tsakiyar wasa, ɗan shekara 15 zai iya kaiwa kusa da 200, domin ƙiyasin da aka saba yi shi ne a cire shekaru daga 220. Haka nan bugun da ke ɗan ƙara sauri idan an ja numfashi, ya ragu idan an sake shi, abu ne da aka saba gani a matasa. Zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, cutar sikila, ƙishirwa, goro da lemukan ƙarin kuzari duk suna hanzarta zuciya, kuma wajibi ne a gaya wa likita idan akwai ɗayansu. Abin lura shi ne bugun da ya tashi farat ɗaya zuwa 180 ko fiye yaro yana zaune, sannan ya koma daidai farat ɗaya. Idan haka ta faru, kada a nufi kemis neman maganin rage bugun zuciya. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannun yaron, a ƙirga bugun na daƙiƙa 30, a ninka shi biyu, a rubuta adadin da lokacin a littafinsa, a kai shi asibiti, kuma idan abin ya ƙi tsayawa ko jiri ya biyo baya, a tafi a wannan lokacin.